Katin Nutso

Agege, Legas
12 ga Maris, 2022

Zuwa ga Gwaggo Badiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya kunnen? Ya surukarki Kalsum da ƴarta Fareeda? Mu nan lafiya lau, sai hawan jinin Mama da ke tashi yana sauka. Ta ce in gaishe ki. Na ba Ɗayyabu direba wannan takarda bayan ya sauke tattasai a kasuwar Mile 12, tunda waya ba ta yi miki amfani. Ki yi haƙuri da Hausata, ta Agege ce. Sau ɗaya na taɓa zuwa Tudun Gamji, ina ƙarami, lokacin da marigayi Baba ya kai ni in ga ƴar baffansa.

Har yau babu labarin ɗanki Jabir. Na san shi za ki fara nema a takardar, shi ya sa na sa shi a gaba. Tun daminar bara da kwalekwalen ya kife da su a mashigin Apapa, yana dawowa daga wajen lodi, babu asibiti ko ɗakin ajiye gawa da ban leƙa ba.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Washegarin hatsarin ina tsaye a bakin jeti ina kallon masu nutso su biyu suna tsamo mutane. Da ruwa ya fara ja suka naɗe igiyarsu, suka ce sun gama. Na roƙe su su ƙara sau ɗaya, na ce ɗan'uwana yana ciki, amana aka ba gidanmu. Ɗayansu ya dube ni ya ce, "Aboki, in ka iya, shiga da kanka." Gwaggo, ko iyo ban iya ba a ranar.

Yanzu na iya. Na sayar da okadata, na shiga wata makarantar koyon nutso a can wajen Lekki. Da safe ina taya su Kawu aikin fata a mayanka, da rana in hau motar danfo in tsallaka. Malaminmu Oga Ebi ne, tsohon sojan ruwa, mutumin Bayelsa. Ana goya maka tukunyar iska a baya, ka sa gilashi a fuska, ka ciji wata roba kana numfashi ta cikinta, ga takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Mun fara a tafkin wanka. Ranar farko na tsorata na tofar da robar, na sha ruwa, Oga Ebi ya cafko ni ta wuya.

Karatun hawa-hawa ne, kowane mataki da jarrabawarsa a cikin ruwa. Wanda nake so shi ne na can sama, na nema da tsamo abin da ya nutse. Wanda ya ci shi ana ba shi kati, da shi ne ake barin mutum ya shiga ruwan tashar jiragen. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Zubair


Tudun Gamji, ta Haɗeja
20 ga Afrilu, 2022

Zubairu ɗana,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta da kaina, ido dai bai gaza ba tukuna. Ya ibada, ya Hajiya mahaifiyarka da jiki? Ƙafa da sauƙi. Kunne kuwa sai abin da ya ƙaru, yanzu ko kiran salla sai Kalsum ta taɓa ni. Fareeda ta fara tsayuwa tana dafa bango. Hausarka ba ta da laifi, na koyar da yara shekara talatin, na ga wadda ta fi ta lalacewa.

Ban ji daɗin abin da ka rubuta ba. Ruwa ya ɗauke mini ɗaya, kai kuma ka sayar da abin neman abincinka don a koya maka shiga cikinsa. Hajiya ta sani kuwa? Sannan me kake nema a ƙasan ruwa? Wanda ake nema a ƙasa an riga an yanke masa hukunci ke nan. Ni ban yanke ba. Jabir a bakin kogi ya girma, ya iya ruwa tun bai iya karatu ba. Wani mutumin Auyo ya gaya mini an taɓa tsintar wani a Kwatano, bayan shekara biyu, hankalinsa ya gushe bai san sunansa ba. A tudu nake so ka nema.

Mahaifin Kalsum ya zo sau biyu. Bai yi rashin kunya ba. Ya ce yarinya tana zaune ba ita ga aure ba, ba ita ga takaba ba, ko za mu je wurin alƙali. Na ce ba zan taka ƙafata in je in ce ɗana ya mutu ba alhali ba wanda ya ga gawarsa. Kalsum kuwa tana nan wurina. Tana yi mini wanki, tana dafa mini abinci, tana ninke kayansa tana sake ninkewa. Ta rame.

Na san ba za ka bari ba, jinin mahaifinka ne. To ka kula. Ga kuka da daddawa nan da busasshen kifi, na Hajiya ne.

Gwaggonka,
Badiyya


Agege
3 ga Yuli, 2022

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan an yi salla lafiya, ga babbar ma ta ƙarato. Saƙo ya iso, Mama ta gode. Ta san ina zuwa makarantar, amma ta ɗauka a tafkin wanka muke har yanzu. Na daɗe ban rubuto ba saboda ban san yadda zan amsa maganarki ba. Ina nema a tudu, Gwaggo. Na bar hotonsa wurin sarakunan Hausawa na Mushin da Ketu da Alaba, da direbobin tanka na Apapa. Amma idan na kwanta, ƙasan ruwan nake gani.

Oga Ebi ya hana ni nutso da azumi, ya ce jikin da ba ruwa a cikinsa ba ya jure zurfi. Bayan salla muka fita teku. Na ci matakin farko, na ci na biyu. Daga nan muka yi kwas na zurfi, mita talatin. Ana bin igiya ne a hankali, kana toshe hanci kana hurawa don kada kunne ya fashe. Ruwan yana fara wa kore, ya koma shuɗi, ya koma kamar magariba. Ba ka jin komai sai numfashinka. A can ƙasa kai yana yin nauyi kamar na mai maye. Oga Ebi ya nuna mini yatsu huɗu ya yi alamar in ƙara uku, na tsaya ina kallonsa kamar wawa. Kuma ba a fitowa da gaggawa ko da tsoro ya kama ka, sai ka tsaya a hanya ka jira, in ba haka ba iskar ta kumbura a jini ta shanye mutum.

Mun kuma shiga wani tsohon jirgi da ya nutse a bayan Tarkwa Bay. Na haska fitila cikin wani ɗaki, sai na ga takalmi ƙafa ɗaya a kwance cikin yashi. Tsohon takalmin ma'aikata ne, ya fi shekara ashirin a wurin, amma numfashina ya rikice har na kusa shanye iskata. Da muka hau kwalekwale Oga Ebi ya zaunar da ni. Ya ce, "Zubair, wa kake nema?" Na gaya masa. Ya ce mashigin Apapa ba teku ba ne, laka ce da baƙin mai, ruwa yana shiga yana fita sau biyu kullum, abin da ya kwana shekara a can ba a cika samunsa ba. Ya ce zai koya mini, amma kada in yi wa kowa alkawari. Ban yi miki ba, Gwaggo.

Yanzu muna kan na ƙarshe. Ana rufe mana gilashi da baƙin ƙyalle, a kafa turke a ƙasa, ka riƙe igiya kana kewaya shi kana lalube da hannu, kana ƙara tsawon igiyar. Ran jarrabawa za su jefa wani abu a ruwan laka su ce in nemo in ɗaure in tasar da shi. Watan gobe ne. In na ci, sai kati.

Ki gaida Kalsum.

Zubair


Mile 12
21 ga Agusta

Gwaggo, ina gaisuwa, kowa lafiya. Ɗayyabu ya riga ya tayar da mota, a tsaye nake rubutu. Alhamdu lillahi na same shi. Jiya Asabar, bayan na sha wuya a cikin laka. An gama komai. Wayata ta faɗa ruwa a wajen, kada a kira. Cikakken bayani yana tafe.

Zubair


Tudun Gamji
30 ga Agusta, 2022

Zubairu ɗana,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Jabir, ya sa ruwan da ya sha ya zama kaffara. Kai kuma Allah ya yi maka albarka, ya saka maka da abin da ba ni da bakin faɗa. Ka yafe mini maganganun da na rubuta maka. Kai ne ka san inda yake, ni ce ban so in sani ba.

Lafiyarmu ƙalau, sai ruwa da ake ta yi, kogi ya fara haurowa gonakin fadama. Ba na jin Ɗayyabu zai iya fita da wuri, amma zan ba shi wannan ya riƙe.

Ina tsakar gida ya miƙo mini takardar. Na karanta, na zauna a kan turmi. Kalsum ta fito daga madafa ta tsaya tana kallona. Na ce mata, "Zubairu ya same shi." Ta ce, "Da rai?" Na ce, "A cikin laka." Ta durƙusa a wurin. Zubairu, tun ranar da abin ya faru yarinyar nan ba ta yi kuka a gabana ba sai ran nan. Ni ma haka. Muka yi ta yi har maƙwabta suka shigo.

Liman ya ce tunda kun riga kun sallace shi a can, addu'a za a yi a nan. An yi zaman makoki kwana uku. Mutane sun zo daga Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa, abokansa na makaranta, har waɗanda na koyar suna yara. Kowa yana sa maka albarka. Ban san haka nauyin yake ba sai da aka sauke mini shi. Ina cin abinci yanzu, ina barci.

Liman ya kuma ce takabar Kalsum ta riga ta wuce, domin daga ranar rasuwa ake lissafi. Ita ta ce duk da haka za ta zauna kwana arba'in. Akwai Iliyasu, malamin asibitin sha-ka-tafi na garin nan, mutumin kirki, matarsa ta rasu wajen haihuwa. Ya aiko. Na tambaye ta ni da ita, ta sunkuyar da kai ta ce ba ta ƙi ba. Na ce a bari sai an yi girbi.

Yanzu ka rubuto mini komai. A wace maƙabarta yake, ta Agege? Kusa da mahaifinka? Wa ya yi masa wanka, ko abin da ya saura bai kai a yi ba? Kada ka ɓoye mini, zan iya ɗauka. Da me ka gane shi? Idan ƙafa ta yarda, bayan damina zan bi Ɗayyabu in zo in tsaya a kansa.

Gwaggonka,
Badiyya


Agege
4 ga Disamba, 2022

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Kalsum da Fareeda, da fatan ambaliyar ba ta yi muku ɓarna sosai ba. Mama tana nan da sauƙi. Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Ban sami Jabir ba. Katin na samu. Abin da na nemo a cikin laka ranar nan wani tsohon injin kwalekwale ne da Oga Ebi ya jefa don jarrabawa. Ina cikin murna na rubuta miki layi uku a kan bonet ɗin mota, ban sake karantawa ba. Na rubuta cikakken bayanin a satin, amma hanyarku ta yanke, ba motar da ke zuwa, takardar tana nan a aljihun rigata har yau.

Sai tsakiyar Oktoba Ɗayyabu ya iso. Na je Mile 12 na same shi ana sauke kaya. Ya sauko ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Jabir. Kai, ka yi abin da ba kowa zai yi ba, garin nan ba maganar da ake sai taka." Na ce wace magana. Ya ɗauka kunya ce, ya yi dariya ya ba ni takardarki. A bayan motarsa na karanta, tsakanin kwanduna. Ban gaya masa komai ba.

A ranar ya kamata in nemi wanda zai kira Kalsum. Na yi sabuwar waya, lambar Kalsum kuma tana wurin Ɗayyabu. Amma na karanta inda kika ce kina cin abinci kina barci, na kasa. Sai na ce wa kaina, ai yanzu ina da kati, bari in je in samo shi da gaske, maganar ta zama gaskiya kafin kowa ya sani.

Oga Ebi ya nema mana izini, ya bi ni da kansa. Wani mai kwalekwale da ya tsira daga hatsarin ya nuna mana wurin. Ba a shiga sai ruwa ya tsaya tsakanin cika da janyewa, ɗan lokaci kaɗan. Gwaggo, a can ba ka ganin hannunka ko ka manna shi a gilashi. Lakar tana haɗiye hannu har kafaɗa. Na lalubo tayoyi, da waya, da buhuna, da ƙarfen rufin kwalekwale wanda mutumin ya ce nasu ne. Sau ɗaya na kama ƙashi, na fito da shi, na saniya ne. Na san ƙashin saniya, a cikinsa na girma. Muka bi gefen hagu, muka bi dama, muka gangara har inda jiragen ke juyawa. Duk ranar da ruwa ya yarda mun shiga, har ƙarshen Nuwamba.

Ran ƙarshe Oga Ebi ya kwance tukunyar daga bayana da hannunsa. Ya ce, "Ya isa. Ba ya nan. Ruwa ya fita da shi teku tun a daren farko. Je ka gaya wa uwarsa." Ya ce ya yi shekaru yana wannan aiki, zai iya rantsuwa a ko'ina cewa an nema iyakar nema.

Babu kabari, Gwaggo. Ba a yi wanka ba, ba a yi salla ba. Idan maganar Iliyasu ba ta yi nisa ba, a dakata. Ba ni da abin da zan ce ki yafe mini da shi.

Zubair


Tudun Gamji
15 ga Janairu, 2023

Zubairu,

Wa alaikumus salam. Muna nan. Ruwa ya ci katangar gabas da rumbu ɗaya, an gyara. Ka gaida Hajiya.

An ɗaura auren Kalsum da Iliyasu ran Juma'ar ƙarshe ta Nuwamba. Ni na raka ta ɗakinta. A lissafina, ran nan kana cikin ruwa.

Takardarka ta kwana huɗu a ƙarƙashin matashina. Ba wanda ya san abin da ke ciki, Ɗayyabu bai iya karatu ba. Na yi tunanin in sa ta a murhu, in roƙe ka ka yi shiru, in daina maganar zuwa Legas. Da na yi haka da yarinyar nan tana ɗakinta yanzu. Ran na biyar na ɗauki sanda na tafi gidan liman.

An raba su har sai alƙali ya yanke. Kalsum tana gidan mahaifinta, da Fareeda. Na je da kaina na gaya mata, ban aika ba. Ta saurara har na gama, sannan ta matso kusa da kunnena don in ji, ta ce, "Inna, sau nawa zai mutu?" Ba ta sake zuwa gidan nan ba. Iliyasu yana gaishe ni a hanya kamar da, shi ya fi yi mini ciwo. Mutanen da suka zo ta'aziyya, wasu suna cewa na ruɗe, wasu suna cewa kai ne maƙaryaci. Ina gaya musu ba ka yi ƙarya a takardar farko ba. Na sake karanta ta ya fi sau ashirin. Duk takardunka maganar kati suke yi, ni malama ce, da na so in gane da na gane.

Wata biyun da ka yi shiru kuwa, ban sami yadda zan yi da su ba tukuna. Kada ka tambaye ni yafiya yanzu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Mun je gaban alƙali a Haɗeja, ni da mahaifin Kalsum. Ni na shigar da maganar, da bakina na ce ina so a hukunta cewa ɗana ya rasu. Alƙali ya ce wanda jirgi ya nutse da shi a gaban mutane ba kamar wanda ya yi tafiya ya ɓace ba ne, amma yana son shaidu: wanda ya ga Jabir a cikin kwalekwalen, da wanda ya nema bai samu ba. Ya sa rana, Litinin ta biyu a watan gobe. In ya gamsu, za a sake ɗaura auren, in har Kalsum tana so. Ban san ko tana so ba.

Don haka ka zo. Ka zo da mai kwalekwalen nan, da malamin naka in zai yarda, a gaya masa akwai ɗaki da abinci. Za ka tsaya ka faɗi abin da ka rubuta mini, laka da tayoyi da ƙashin saniya, duka. Ba zan ji abin da kake cewa ba, amma zan zauna a gaba ina kallon bakinka.

Alƙali ya ce ka riƙo katin, zai duba. Idan ka shigo gidana ka bar shi a aljihu.

Badiyya